Ba Hannunsa Ba Ne, Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Mamman.

Bayan gaisuwa da ban girma irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka ya fi gidan da ka bari yalwa da sanyi. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma maganar ta cika mini ciki, in ban faɗa maka ba wa zan faɗa wa? Masu karantawa su yi haƙuri, zance ne tsakanina da yayana.

Godiya na zo yi maka. Damina huɗu ke nan da rasuwarka, amma kwanan nan ka yi mini gyara a Batsari kamar kana zaune a rumfarka ta gyaran rediyo a Safana.

Ba mu garinmu Zakka yanzu, Yaya. Bara 'yan bindiga suka tarar da abokinka, maigidana, a gona. Allah Ya bar mana shi, amma harsashi ya bi ta tafin hannunsa na dama. Yatsu biyu sun tafi, ukun da suka rage suka sandare. Muka tattaro muka dawo Batsari, ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwansa. Ma'aikaciyar asibiti ta gaya mana ƙiri-ƙiri: in bai riƙa motsa yatsun nan kullum ba, za su bushe a haka har abada. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ranar da muka dawo gida ya cilla ta ƙarƙashin gado.

Ka san shi da son mutane. To, mutumin nan ya daina cin abinci a zaure. Sai in kai masa ɗaki, ya juya baya ya ci da hagu. A masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa, ana sallamewa ya sulale kada wani ya miƙo masa hannu. Wallahi wannan ya fi ranar harbin ci mini rai.

Ranar da muka bar Zakka na bar tukwanena na ɗauko akwatin kayan gyaranka a ka. Mata suka yi ta yi mini dariya a bayan mota. A cikinsa na tarar da gem ɗin nan naka mai kaset, wanda kai da shi kuke bugawa in kasuwa ta watse. Ina tuna ina kawo maka abinci in tsaya ina kallo, ɗan mutumin cikin talabijin yana tsallake ramuka, abokinka kuma kullum a rami ɗaya yake faɗawa, kai kana dariya har da buga cinya. Kakan shafa akwatin gem ɗin ka ce, “Wanga ba na ainihi ba ne, kwaikwayo ne. Amma shi bai sani ba, kada ki gaya mashi.”

A rumfar nan ka koya mini riƙe waya kana ɗiga dalma. Inna tana faɗa wai za ka mayar mata da ɗiya namiji, kai kuma kana kirana Injiniya.

Sai na ce a raina, wanda ya ƙi ƙwallon roba ba zai ƙi wannan ba. Matsalar ita ce abin dannawar, wanda kuke kira fad. Madannansa ƙanana ne, yatsunsa ba za su iya ba. Na samo madannan hon na babur wurin wani bakanike, manya masu laushi, na kafa su a jikin ɗan katako. Na buɗe fad ɗin, na ja wayoyi daga koren allon cikinsa zuwa kowane madanni. Ƙarfen likinka na sa a garwashi kamar yadda kake yi in babu wuta.

Nan na yi wautar da na zo in faɗa maka.

Dalma ta ƙi kama ƙarfen madannan. A ƙasan akwatinka akwai gwangwanin man likin nan naka, wanda ake shafawa don dalma ta kama. Na buɗe, sai ga shatin yatsanka a cikin man, yadda ka lakata na ƙarshe. Na kasa taɓawa, Yaya. Na rufe na mayar. Sai na nufi wurin Baba Audu, wani tsoho mai liken bokiti da buta a bakin layinmu. Ya tsiyayo mini ruwan batir a 'yar kwalba, ya haɗa mini da gashin kaza na shafawa, ya ce, “Ɗiyata, shafa wanga, ko ƙarfen jirgi ne sai ya kama.” Ya kuwa kama. Daɗi ya ɗebe ni, na bi kowane liki na shafe da shi, har na kan koren allon.

Kwanakin farko abin sai hamdala. Maƙwabcinmu mai sola ya ara mana 'yar talabijin, yana kuma cika mana batir, abokinka yana zama da safe ya yi ta dannawa, ni ina ƙofar gida ina suyar ƙosai. Har na fara jiyo tsakinsa in ya faɗa rami, tsakin da na yi wata da watanni ban ji ba.

Sai marka ta sauka, kullum a kwana ana ruwa.

Wata rana na shigo na tarar ya ture katakon gefe. Ya ce ya danna dama ɗan mutumin ya yi hagu, bai danna tsalle ba ya yi tsalle. Na bari sai da na yi azahar na zauna na gwada. Lafiya lau. Kuma don rashin hankali na buɗe baki na ce masa ai ba abin da ya samu gem ɗin. Ya dubi hannunsa ya ce, “To shi ke nan. Hannun ne ya mutu, ba ya jin maganata.” Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da tawa.

Ban zauna ba. Na zargi tsawon wayar, na rage ta. Na zargi batir, na sa aka cika shi taf. Na hure kaset, na goge bakinsa. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mitarka ta gwajin wuta, don na tuna kana cewa kada in yarda da launin waya a kayan kwaikwayo, ja tana iya yin aikin baƙa. Komai daidai. Ni in na gwada da rana ya yi, shi in ya gwada da safe ya haukace. Kowane gwaji nawa sai ya zama shaida a kan hannunsa. Daga ƙarshe ya ce in ɗauke masa abin daga gabansa. Kwana biyar bai motsa yatsun ba, ina ganinsu suna ƙara lanƙwashewa.

Na zaga bayan ɗaki na yi kukana. Ina cikin kukan ne na tuno wani dattijon Bafulatani da ya taɓa kawo maka rediyo daga wajen Runka. Ba ka ko taɓa sukudireba ba, ka yi ta yi masa tambaya har na ƙosa. Da ya tafi ka ce mini, “Injiniya, kada ki buɗe cikin abu sai kin tambayi yaushe yake ƙi. Safe ko marece? Rani ko damina?” Rediyon nan ashe a rataye take kwana a bukka, raɓa tana shigarta.

Safe ko marece. Ni fa ban taɓa gwadawa da safe ba!

Washegari ban kai wake niƙa ba. An kwana ana yayyafi, tabarma ma sanyi take. Na haɗa komai, na kunna, na ajiye katakon a tsakar ɗaki, na naɗe hannuwana a ƙirji, na roƙe shi don Allah ya juyo ya duba. Yaya, ba mai taɓa komai, ɗan mutumin nan ya zabura da gudu, ya yi tsalle biyu, ya dawo baya, ya auka rami. Aka sake kawo shi, ya sake zabura.

Abokinka ya daɗe yana kallo. Can ya ce, “Shi kuma wanga wa ya koro shi? Ko shi ma ɗan gudun hijira ne?” Sai dariya ta ƙwace masa, irin ta rumfarka. Ni kuwa ina dariya ina share hawaye da gefen zane.

Da na buɗe fad ɗin sai ga wani farin gari mai kore-kore ya tsiro tsakanin likin, ya jiƙe kamar gishirin damina. Ruwan batir ɗin ne. Yana jawo laima, laimar ta haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, sai gem ɗin ya ji dannawar da ba wanda ya yi. In rana ta ɗaga ya bushe, ya koma mutumin kirki, daidai lokacin da Injiniyarka take zuwa gwaji. Da na ba Baba Audu labari ya riƙe baki ya ce, “Ni bokiti na sani, ɗiyata. Wa ya aike ki ki sa wa talabijin?” Gaskiyarsa, ba laifinsa ba ne.

Na sayo sifirit a kemis, na wanke allon da tsohon buroshin haƙori, na shanya a bakin murhu. Wayoyin da ruwan ya ci na yanke na sa sababbi. Sannan na ɗauko gwangwaninka. Na yi bisimilla na sa yatsana a cikin shatin naka na lakato. Ka yafe mini, shatin ya goge. Na san da kana nan da ka ce don a yi aiki da shi ka saya, ba don a ajiye ana kallo ba.

Tun ranar, ko ana ruwa ko ana rana, abin da ya danna shi ɗan mutumin yake yi. Yatsu biyu sun fara lanƙwasuwa da buɗewa. Na ukun yana gardama, amma shi ma ya fara saki. Ba mu koma Zakka ba, ba mu san ranar komawa ba, hatsi kuma sai dai a ce alhamdulillahi. Amma ran Juma'ar da ta wuce na zuba masa tuwo zan kai ɗaki, sai ya ce in miƙa zaure. Na laɓe a bayan ƙyaure ina leƙe. Ya zauna cikin maza, ya wanke hannun dama, ya sa a kwano. Lomar farko ta suɓuce. Ta biyu ta kai baki, miya tana bin gwiwar hannunsa. Sai Baba Audu ya matsa masa kwanon kusa.

Na gode, Yaya. Na gode da ba ka kore ni daga rumfarka ba lokacin da kowa yake cewa ba wurin mace ba ne. Na gode da tambayar nan da ka bar mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koya mini ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Safana da Batsari, Ya mayar da kowa gonarsa, Ya haɗa mu a Aljanna.

Abokinka ya ce lallai in gaya maka: ramin nan da kake yi masa dariya, ya tsallake shi jiya da hantsi. Da yatsu uku.

Ƙanwarka,
Binta Injiniya