Na kai ƙara don jikata, na ƙara mata ciwo

Yau Litinin, ƙafafuna a kumbure suke, da kyar nake riƙe alƙalami. 'Yata mai ba da shawara a wannan shafi, ki taimake ni.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Zomba a ƙasar Malawi. Jikata Tiyamike, 'yar shekara goma sha biyar, ita kaɗai ta rage mini a gida, ita ke tuƙa mini nsima, tuwon masararmu. Tana da in'ina. Wani ɗan ajinsu ya ɗauke ta bidiyo tana karatu a gaban aji, ya watsa a waya, suka laƙaba mata "Injin Niƙa". Kullum sai saƙon ba'a ya shigo mata.

Na yi abin da na sani, na kai ƙara wurin mai gari. Dattawa suka ce ba sa hukunci a kan abin da ba su gani ba, sai aka kunna bidiyon a gaban taro. Aka yi ta dariya, har da matan da suka goya ta. Tana zaune a gefena. Aka ci uban yaron tarar kaza ɗaya, aka ba ni, aka ce magana ta mutu. Bidiyon kuwa yana nan yana yawo.

Ta bar makaranta ta koma Blantyre wurin gwaggonta, ga jarrabawa saura wata biyu. Kazar tana tsakar gida, na kasa yanka ta. Hukuma za ta saurare ni bayan na karɓi tara? An ce Tiyamike za ta zo jiya. Na share ɗakinta, na zauna bakin hanya har motar ƙarshe ta wuce. Ba ta zo ba.

Tsoho mai nadama

Baba, Allah ya ba ku lafiya. Ƙauna ce ta kai ku wurin mai gari, amma an kunyata yarinyar nan sau biyu, kuma na biyun ya fi zafi.

Tarar ba ta rufe ƙofar hukuma ba. Gwaggonta ta adana saƙonnin da lambobin da suka turo su, kada a goge ko ɗaya. Ta kai su sashen 'yan sanda mai kula da yara, a can a keɓe ake sauraro. A kuma rubuta wa shugaban makaranta a nemi a cire bidiyon, a ba wa Tiyamike damar zana jarrabawarta. Shi ma wanda ya ɗauki bidiyon yaro ne, gyara ake nema.

Amma kafin komai ku nemi gafararta, ba tare da kun ce ta dawo ba. Sannan a tambaye ta ko tana son a kai ƙarar. In ta ce a'a, a dakata. Tun da aka fara, ba wanda ya tambaye ta.

Allah ya sanyaya zukatanku duka biyu.