Jikanka Ɗan Sati Ashirin da Takwas

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinka.

Baba, na haihu, namiji. Sai dai ya yi gaggawa, cikin yana sati ashirin da takwas ya fito. Bakwaini ne, kansa bai fi lemon zaƙi ba. Yana asibitin koyarwa a cikin kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumi, ni kuma ina kan kujera a gefensa.

Da likita ta faɗi adadin satin, wallahi ina kuka dariya ta kusa ƙwace min. Lambarka ce fa!

Nan take na gan mu a ƙofar gida a Gyaɗi-Gyaɗi. Ka dawo daga koyarwa, alli duk a hannun rigarka, ka zazzage marafan kwalbar lemo a tabarma. Bakwai a ƙasa, shida a samansu, biyar, har ɗaya a ƙoli, kamar kashin tumatir. Sai ka rushe, ka ce in raba su daidai. Ɗaiɗai ya yi, bibbiyu ya yi, hurhuɗu, bakwai-bakwai, sha huɗu-sha huɗu. Uku-uku ya ƙi, na turo baki. Ka ce in tara waɗanda suka yi: ɗaya, biyu, huɗu, bakwai, sha huɗu. Sai ga ashirin da takwas ta dawo cif.

“Wannan ba ragi, ba ƙari,” haka kake cewa. “Irinta ba su da yawa. Shida, sai ita, sai can ɗari huɗu da casa'in da shida.” Inna kuwa tana tsakar gida tana mitar tuwo ya huce.

Jibi kwanansa bakwai. Surukata a Darmanawa ta ce a dakata da suna, kar a sayi rago, a ga abin da Allah zai yi. Ba mugunta ba ce, ta binne biyu irinsa. Amma raina ya ɓaci, Baba. 'Yan barka ma ƙasa-ƙasa suke magana, sai ka ce gaisuwar rasuwa suka zo.

Ni ma ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Da na'urar da ke jikinsa ta yi ƙara, sai in miƙe in leƙa gilashin.

Jiya da hantsi gyangyaɗi ya ɗauke ni, na gan ka tsaye kana jera marafanka a saman gilashin, a hankali don kar ka tashe shi. Da na farka, nas ta bari na zura hannu ciki. Na buɗe tafinsa ina bin gaɓoɓin yatsunsa, yadda kake tasbihi a naka. Sha huɗu a dama. Sha huɗu a hagu. Ba ragi, Baba.

Yau na kira babansa na ce jibi za a raɗa suna, ko yana kwalba. Sunanka muka sa masa. Tunda bakina ba zai iya faɗa ba, Abba nake ce masa, kuma na rantse ɗazu ya motsa ƙafa.

Allah ya jiƙanka da rahama. Allah ya nuna min Abba yana shekara shida, in zazzage masa marafai a tabarma. Ya nuna min shi yana ashirin da takwas. Ta ukun, ɗari huɗu da casa'in da shidan nan, ba na roƙa, ka san ba ni da haɗama.

'Yarka,
Bilki