Tsohon Saƙo Ya Cinye Irin Babana

Salama gare ku 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Ni 'yar Attantane ce, ina aikin ordinatar, wato kwamfuta, a wani furoje na tallafa wa manoma a Tasawa. Muna da masu auna ruwan sama a ƙauyuka, da ruwa ya sauka sai su turo saƙo ta waya, saƙon ya shiga layi a injinanmu, nan take wani sashe ya ɗauka ya sanar da ƙauyukan yamma cewa ruwa ya kawo kusa. To kun san rezon Hawandawaki, wato sabis ɗin waya na can, sai ya yi kwanaki ba ya nan, saƙonni su taru su zo a tare. Shi ya sa na kafa sharaɗi, a duba ranar da aka rubuta saƙo, ba ranar da ya iso ba, wanda ya tsufa a ajiye shi gefe.

Shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya ce sharaɗin yana rage gudu, shi so yake baƙi masu ba da tallafi su ga saƙo yana fita kamar walƙiya. Na roƙe shi kada a taɓa, ya ce yaushe aka haife ni. Ina hutu ya cire shi da hannunsa.

Rezo ya dawo, labarin ruwan da ya kwana goma ya fita kamar na yau. Mutanenmu suka yi binne a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, yayyafi kawai aka samu, gero ya tsiro ya ƙone. Irin da Baba ya adana tun kaka ya tafi, kuma don ni ya yarda da saƙon, har yana ce wa maƙwabta 'yarsa ce ke turowa.

A taron buro, wato ofis, shef ya ce kuskuren yarinya ne amma ya yafe. Wai ya yafe! Abokin Baba ne, shi ya samo mini aikin. Baba ya hau kabu-kabu har Tasawa don ya yi masa godiya da bai kore ni ba, ina tsaye, baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Injin yana ajiye sunan duk wanda ya taɓa shi, shaida tana hannuna. In na fitar, aiki ya tafi, a ce mini butulu. In na yi shiru, har yau ba a maida sharaɗin ba, wata gonar za ta ƙone.

Ku gaya mini, in nuna wa Baba shaidar, ko in bar shi ya ci gaba da gode wa wanda ya cuce shi?