Tsuntsun da Babu a Bichi

Daren Laraba, Guangzhou

Yau bakina ya jawo min. Mun je kasuwar Shiling duba jakunkuna da Kawu Sani, sai laoban, wato mai masana'antar, ya nuna mana hoton wani ɗan koren tsuntsu mai farin zobe a ido. Mai yi mana tafinta ta ce duk duniya a tsibiri ɗaya kawai ake samunsa. 'Yan uwansa na tsibiran kusa ma an ware su, kowanne da sunansa.

Na ce, "Wannan? Ai shi ke cinye mana gero a Bichi, da gwangwani muke korarsa."

Na zaci dariya za a yi. Mutumin ya ajiye shayi, ya ce bayan Sallah zai biyo mu da kyamara.

A mota Kawu ya ce, "Ɗan nema, tun kana rarrafe nake ciniki da mutumin nan. Ko ka nemo masa tsuntsun, ko gobe ka ce masa ƙarya ka yi."

Na dai kira Inna don cika hujja. Ta ce babu wani koren tsuntsu, gonarmu sai jan-baki.

To, gobe sai Shiling.