Matar da ke Ƙarƙashin Ɗakin Ajiya

Ni Ymer Dashi, mazaunin layin masunta a birnin Durres, na rubuta wannan da hannuna. Ƙafafu sun ƙi ni, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce tsufa ne ke magana. Besnik, Lirije, 'ya'yana, ku karanta tare.

Na ɗaya. Kwalekwale na Besnik ne, ko da yake ban san inda zai ɗaure shi ba, tunda an malale bakin ruwanmu da siminti. Keken ɗinki na Lirije ne.

Na biyu. Gida. Shekara guda ke nan ba kwa ga-maciji saboda shi. Besnik ya ce a karɓi ɗakin bene da kamfanin da zai rushe unguwar ya yi tayi, Lirije ta ce sai dai katafila ta bi ta kanta. Na ga taswirar kamfanin da idona, an zana wa gidanmu jan layi. Inda ɓaurenmu yake tsaye, wurin ajiye motoci za a haƙa, hawa uku cikin ƙasa. Sau shida ina zuwa ofishin hukuma. A zuwan ƙarshe wata yarinya ta ba ni kujera da kofin gahawa, ta ce, "Baba, ka huta da wahalar da ƙafarka, an riga an sa hannu a kan aikin."

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Shekarar da aka haifi Lirije, ina haƙa ramin randar man zaitun a ɗakin ajiya na ƙasa, sai shebur ya ci karo da daɓe na ƙananan duwatsu masu launi, aikin mutanen dā. Mahaifiyarku Shpresa ta goge da tsumma, sai ga hoton mace riƙe da kwando, kifaye kewaye da ita. Mun san abin da ya sami maƙwabcinmu Qazim: ya kai rahoton irin wannan, aka tashe shi zuwa hawa na biyar na wani bene a bayan gari, har ya mutu bai ƙara jin ƙanshin teku ba. Shpresa ta ce, "Rufe ta, Ymer. Wadda ta yi barcin shekara dubu biyu, namu 'yan kwanakin ne za su gagare ta?" Muka zuba yashi, muka aza katako.

Ba mu kaɗai ba ne. Rabin layin nan kowa a kan nasa daɓen yake zaune, mu gaisa, kowa ya ja bakinsa. Yau kamfani na riƙe da takarda cewa babu komai a ƙarƙashin unguwarmu. Wa zan zarga? An tambaye mu, muka ce babu.

Idan kun faɗa, masu tarihi su karɓe gidan, kamfani ya janye tayinsa, Besnik ya rasa ɗaki. Idan kun yi shiru, katafila ta niƙe matar cikin wuni guda. Ko ta ina, gida ya tafi. Na juya maganar har na gaji, na kasa zaɓa. Ina jin kunyar bar muku ita, ku yafe mini.

Na huɗu. Kada kowa ya sa hannu a takarda sai kun ga fuskarta. Tsumman mahaifiyarku na nan inda ta bar shi, ku goge ta da shi. Bayan haka abin da kuka yanke, na yarda.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku inuwar da ba a zana wa jan layi ba. Ku riƙe juna. Lirije, kada ki yi taurin kai ki sauka ke kaɗai, Besnik kai ma haka. Katakon yana da nauyi. Mu biyu muka aza shi, mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi.