Rabin Fadamar Baba

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Yaya Waliyyu ya bugo waya daga ƙasar Hangari, can Turai. Wai ya samu gidan da zai saya. Ba gida ba ne irin namu, ɗakuna ne can saman bene. Na tambayi filinshi, ya ce baƙo ba ya sayen gona can, gidan ma sai hukuma ta ba shi izini. To a sayar da ƙasar da ake noma a sayi abin da ke rataye bisa kan wasu? Ban faɗi ba. Shina son a raba fadamar da Baba ya bar muna, a sayar da rabonshi. Ni ke noma ta duka tun rasuwar Baba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Irin albasata ya kai dashe. Na zuba shi don fadama duka, ba don rabi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Baffa Magaji da liman sunka zo anka kafa turakun iyaka. Inna da 'yar'uwarmu Bushira sun ce rabonsu ya zauna wurina. Gefen da ƙasa ta fi riƙe ruwa ya faɗa ga Yaya. Haka ƙuri'a ta zo, ba wanda ya cuce ni. Alhaji Kalilu na Jega shi ne mai saye. Ya zo yana taka ƙasar da takalmin da bai taɓa shiga taɓo ba. Sharaɗinshi ɗaya, a ba shi gona tsirara, ba ya sayen gona da shukar wani bisa kai.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Baffa ya tsai da ni bakin masallaci. Ya ce ai ba a ƙulla ciniki ba tukuna, gona tana hannun mai noma ta. "Dasa abinka, ɗana. Wa zai tuge albasa a Aliero mutane na kallo?" In na dasa, ba ciniki sai an cire albasa bayan azumi. Yaya kuwa ya riga ya ba da kafin alƙalamin gidan, kuma ya ce can in wa'adi ya cika ba a maida shi, ba kuma dattijon da za a aika ya roƙi arziki.
Daga nan na je na duba injin ban-ruwa, na zuba mishi mai.

Jumma'a, 15 ga Nuwamba
Na ja fangali, kwamin da ake dasa albasa, har bakin turaku. Na ƙetara. Na ja wasu can cikin rabon Yaya. Inna ta aiko da fura ba ta aiko da magana ba. Ta sani.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Yaya ya kira ta bidiyo da hantsi, daga ɗakin da yake haya. Shina ta bayanin lauya da mai fassara, ni kuwa bayanshi nike kallo. Ƙofa ba ta buɗewa duka, tana dukan gado. Wanki a shanye bisa abin ɗumama ɗaki. Kwalaye ɗaure da igiya, ba a kwance su ba. Na tambaya, ya ce mai gida ya ce su tashi ƙarshen shekara, shi ma wancan na baya haka ya yi musu. Matarshi Amira ta wuce, ta gaishe ni, hannunta riƙe da ƙugu. Ashe ciki ya tsufa haka, ba wanda ya gaya mini.
Na ce, "Yaya, kenan ba ka dawowa."
Ya ce, "Rilwanu, ban roƙi naka ba. Wurin da ba za a ce mini tashi ba nike nema."
Layi ya yanke. Ko shi ya kashe, oho.

Litinin, 18 ga Nuwamba
Iri ya fara kwantawa. In bai shiga ƙasa cikin satin ga ba ya lalace. Baffa ya aiko wai ya samo mini masu dashe. Alhaji Kalilu ya aiko wai jibi zai kawo shaidu. Kowa da aikenshi. Abinci bai shiga ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Mun yi dashe tun da safe. Da munka kai turaku na ce a tsaya. Masu dashe sunka dube ni, ga fangali a jiƙe can gaba, ga iri cikin kwando. Na ce rana ta yi zafi. Sauran irin na ɗora wa ɗan acaɓa ya kai ma mijin Bushira a Liba, tun bara yake roƙona.
Baffa bai amsa gaisuwata ba.
Ban ce na yarda ba. Da shaidu sunka zo ban je ba, na ce ina ban-ruwa. Fangalin da na ja can ciki dai na koma na baje su da fartanya, kada Alhaji ya gani ya sami hujjar rage wa Yaya kuɗi.