Cukun da Na Shanya a Kan Ragar Ƙarfe

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina zaman Tamanrasset? Yaya maigida da yara, da ƙafar nan taki? Mu nan Arlit da sauƙi, sai dai hankalina a tashe yake.

Kin tuna tabarmar ciyawar da Inna ke shanya cuku a kai can cikin duwatsun Ayar, nasara masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto suna saye? Tun da baƙi suka ɗauke ƙafa muka sauko gari da awaki, tabarmar ta mutu, na rasa mai saƙa irinta. Sai na sayi ragar ƙarfe a kasuwar tsofaffin ƙarafa.

Shekaranjiya maƙwabcinmu Ilyasu, mai aiki wurin haƙar uraniyom, ya shigo da na'urarsu ta awo. Yana kai ta kusa da ragar, sai na'urar ta kama ƙara ba tsayawa. Ya ce, "Mariama, fitar da yaran nan tukuna. Ƙarfen nan daga wurin haƙa ya fito, akwai guba a jikinsa." Nan take na kwashe yaran na fitar da su waje.

Yaya, a kan ragar nan na shanya cukun da na aiko miki ta hannun direba. Don girman Allah kada kowa ya ci, ki haƙa rami ki binne shi. In sun riga sun ci, ki kai su likita, kuma kada ki ɓoye mini.

Ki gaida Kawu. Ku sa mu a addu'a, nawa yaran tun damina suke cin sa.

Ƙanwarki,
Mariama